Bikon Raudha da Tauraruwa Mai Wutsiya

"Ni nan da kuke gani," in ji Sammani, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bencin shagona, "kafin shekarar nan ta fita sai na ɗauko hoton abin da babu ɗan Kano da ya taɓa gani a sararin samaniya. Turawa sun yi nasu sun gaji. Yanzu layi ya zo kan Fagge."

Muka ce masa to, Allah ya taimaka.

Ka san Sammani kuwa? Idan ka taɓa sayen cajar waya a Bata, nan bakin Sabon Gari, ka kai ta gida ta ƙi caji sai ka danne ta da dutse, to da alama kun gaisa. Shago ne da shi ɗan tsukut, amma allon da ke samansa ya fi ƙofar girma: Injiniya Sammani, Gyaran Waya da Sauransu. Wannan "sauransu" ɗin ita ce masifar. Ni kuwa Khalifa tela ne, shagona shi ne majalisarmu a Fagge, kuma tun muna yara nake tare da shi, saboda haka abin da zan ba ka ba ji na yi ba, a gabana aka yi. A majalisa Injiniya Na-Sani muke ce masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana ba tare da ya tare ka da "na sani" ba. Ko sunan jaririnka za ka gaya masa ranar suna, ya riga ya sani.

Ciwon ya samo asali ne daga waya. Ya yi ta kallon bidiyon wasu mutane da ke kafa na'urar hangen nesa a bayan gidajensu suna ɗaukar hotunan taurari. Shi ke nan ya daina hirar ƙwallo. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka Gamzaki ba tauraro ba ne, duniya ce. Ka tambaye shi kuɗin gyaran sikirin, ya ba ka labarin Kaza da 'Ya'yanta.

Wata ranar Asabar ya ja ni Sabon Gari, shagon Boniface mai sayar da kayan hannu na Turai. Boniface haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, kuma babu abin da ba za ka samu a wurinsa ba, daga injin wanki har keken motsa jiki. A can lungu, bayan wasu firji, ga wani farin bututu mai kaurin turmi a kan ƙafafu uku, Boniface ya mayar da shi wurin rataye lema.

"Oga Sammani, gaskiya zan gaya maka," in ji Boniface, "cikin kaya ta zo, ni ban san yadda ake aiki da ita ba. Ga littafinta nan, amma da Jamusanci yake. Ka sa wayarka ta fassara maka a hankali, shafi bayan shafi."

"Littafi na 'yan koyo ne," in ji Sammani. "Ni da na kalli na'ura, ita ma ta kalle ni, mun fahimci juna."

"Aƙalla ka tafi da shi."

"Ka riƙe, ka yi fifita."

Ya haɗa da wata tsohuwar kyamara mai gilashinta, da igiyoyin da za su haɗa ta da kwamfuta. Muka loda a adaidaita-sahu, bakin bututun ya leƙo waje kamar igwa. Ban taɓa ganin Bata ta buɗe wa mutum hanya da sauri irin na ranar ba. Wani mai ba da hannu ya tsayar da mu ya ce wannan wane irin makami ne. Sammani ya gyara hula ya ce, "Makamin yaƙi da jahilci." Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu wuce, Allah ya ba shi lafiya.

Matarsa Raudha malamar makaranta ce, mace mai sanyin magana, 'yar gidan Malam Abdulmuminu. 'Yarsu ɗaya, Ni'ima, lokacin tana koyon tafiya. Da Raudha ta ga muna hawa bene da kaya muna nishi, ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Abban Ni'ima, wannan bututun fa? Rijiya za mu haƙa?"

"Sama za mu haƙa," in ji shi.

Kafin magariba ya kwance igiyar shanyarta daga saman bene don wai tana tare masa gabas. Ya ɗauke teburin gugarta ya ɗora kwamfuta. Ya cire batirin sola da ke juya mata fanka ya haɗa wa na'ura. Raudha ta bi shi da ido, ta koma kicin. Ni da na san mata masu sanyin magana, sai na fara yi masa addu'a a zuci.

Bayan sallar magariba ya tara 'yan majalisa a saman bene, ya yi mana jawabin buɗe taro, ya soka kyamara a jikin bututu, ya danna. Allon kwamfuta baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Baƙi.

"Manhajar ce," in ji shi. "Tsohon yayi ce."

Ya goge ta, ya sauko da wata da datar Raudha. Baƙi. Ya ce igiyar ce ta karye a ciki, ya yanke ta da reza, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Baƙi. Ya ce kwamfutar ce ta kamu da cuta, ya kashe ya kunna, ya hura mata iska a gindi, ya ɗan mare ta a gefe. Daga nan ya kira Boniface, ya buɗe murya don kowa ya ji yadda ake ƙwatar haƙƙi.

"Boniface, ka ji tsoron Allah. Makauniyar na'ura ka sayar mini."

"Oga, ka cire murfin da ke bakinta?"

Duk muka juya muka dubi bakin bututun. Ga baƙin murfi nan zaune daram, kamar an rufe tukunyar shinkafa.

"Na sani," in ji Sammani. "Gwada ka nake yi, in ga ko ka san kayanka."

Da aka cire murfi sai haske ya shigo. Ya auna wani allon talla mai fitila can wajen Sabon Gari don gwaji, ya yi ta murɗa wani ɗan ƙarfe har rubutun ya fito tar. Sai dai a kife yake. Ƙafar allon a sama, kansa a ƙasa. Wani a cikinmu ya ce ƙila haka irin waɗannan na'urorin suke nuna abu, a duba cikin manhaja ko akwai wurin juya hoto. Sammani ya ce wannan dogon zance ne, injiniyan gaske gajeriyar hanya yake bi. Ya ɗauki kwamfutar ya kifa ta, ta tsaya kamar rumfar mai shayi. Hoto ya miƙe, gaskiya ne. Amma yanzu in ya tura 'yar kibiyar dama sai ta yi hagu, in ya ce ta hau sai ta sauka, rubutun manhajar kuma duk ya koma a kife. Sai ya karkatar da kai yana karantawa. Washegari ya zo majalisa wuyansa a sage gefe guda, yana gaishe mu kamar kazar da ta hango shaho.

Duk wannan wasa ne. Babbar ɓarnar injin juyawa ne ya jawo ta.

Ashe ƙafafun nan uku suna da ɗan inji a kansu, da wani abu mai kama da rimot. In ka zaɓi abin da kake so a sama, na'urar da kanta za ta juya ta nemo shi. Sammani ya gano haka, ya sake tara mu. Da ya kunna, rimot ɗin ya yi ta jero masa tambayoyi da Jamusanci, shi kuwa yana danna babban maɓallin tsakiya, yana cewa, "Gaisuwa ce kawai, haka suke da ladabi." Daga baya ne Boniface ya sa waya ta fassara littafin, muka ji cewa tambayarsa take a wane gari yake, yau wace rana ce, ƙarfe nawa. Tunda bai amsa ba, baiwar Allah ta ɗauka har yanzu tana garin tsohon maigidanta, cikin sanyi, a wata shekarar da ta wuce.

A daren kuwa, ga wata nan a samanmu, fari tas, ko makaho ya ji shi a jikinsa. Sammani ya zaɓi hoton wata a rimot, ya harɗe hannu.

"Ku zuba ido. Yanzu za ku ga biyayya."

Inji ya fara ƙugi. Bututu ya juya a hankali, cikin isa, ya zo daidai wata, ya wuce shi ko sallama babu. Ya ci gaba da juyawa, ya fara sunkuyar da kai, ya tsallake katanga, ya tsaya cak yana kallon tsakar gidan maƙwabcinsa Alhaji Baffa. Muka duba kwamfuta. Ga Hajiya Kubura, uwargidan Alhaji, zaune a ƙarƙashin ƙwan lantarki da rariya a hannu.

"Injiniya," in ji wani daga bayanmu, "watan nan naka tankaɗe yake yi."

Dariyar da muka fashe da ita ce ta sa Hajiya ta ɗaga kai. Ka sa kanka a matsayinta: kana cikin gidanka, ka ɗaga ido, ka ga bakin igwa da 'yar jar fitila yana kallonka, ga kawunan ƙarti jere a bayan katanga. Salatin da ta saka har bakin titi an ji shi. Sammani ya ruɗe yana danne-danne, na'ura kuwa ta ɗauka sabon umarni ne, ta ƙara sunkuyawa ta bi Hajiya har ƙofar ɗaki. Kafin Alhaji Baffa ya zagayo da mai unguwa, 'yan majalisa sun zama iska. Ni kaina a ƙofar shago na tuna cewa da takalmi ɗaya na sauko.

Mai unguwa ya yanke hukunci da safe: a cire wa na'ura inji, kuma bakinta kada ya ƙara kallon abin da ke ƙasa da tsayin tankin ruwa. Sammani ya ba Alhaji haƙuri, amma haƙuri irin nasa, mai ɗauke da darasi a kan yadda duniya ke juyawa. Alhaji ya ce masa in ya ƙara, shi ma zai ga juyawa.

Magana ta zaga Fagge ta shiga makarantar su Raudha. A wani gidan suna wata mata ta dube ta ta ce, "Au, ke ce matar mai leƙen nan?" Hajiya Kubura, wadda ta yi mata wankan jego lokacin haihuwar Ni'ima, ta daina amsa gaisuwarta. Wannan ne ya fi yi wa Raudha ciwo. Ta dawo gida ta same shi a saman bene yana ɗaure bututu da igiyar shanyarta don kada ya sunkuya.

"Abban Ni'ima, zo mu je tare mu ba Hajiya haƙuri yadda ya kamata."

"Na sani, za mu je. Bari in gama wannan saitin."

"Tun yaushe kake gama saitin?"

"Raudha, ke malama ce, ya kamata ki fi kowa gane darajar bincike."

Ta sauka, ta haɗa jaka, ta goya Ni'ima. Daga tsakar gida ta ɗaga murya kaɗan, iya abin da zai kai bene.

"In ka sauko daga sama, ka san hanyar gidanmu."

A majalisa ya ce mana ba wani abu ba ne, duk babban masanin da ka ji sunansa sai da iyalinsa suka kasa fahimtarsa. Amma mu muna ganin yadda wandonsa ya fara yi masa yawa. Abincinsa ya koma indomi da ƙwai, in ya gaji da na mai shayi ya dafa da kansa. Wata rana ya zo shagona ya ga 'yar rigar yarinya da nake ɗinkawa, ya ɗauka ya daɗe yana juya ta, ya ce daidai Ni'ima. Na ce masa ya sayi atamfa mai kyau, ya sami dattijo ɗaya, su je su durƙusa. Ya ce zai yi, amma ba zai je hannu biyu ba, sai ya tafi da hujjar da za ta nuna ba a banza aka sha wahala ba.

Sai ya koma bene da ƙarfinsa. Yanzu kuma sabuwar matsala: duk hoton da ya ɗauka na sama sai ya fito fari-fari, ruwan kunu, babu tauraro ko ɗaya. Fitilun Sabon Gari da na kan titi sun haske sama, shi kuma yana barin kyamara a buɗe tana shan haske har ta ƙoshi. Ya zagi kyamara, ya zagi masu janareto, ya ce akwai masu yi wa kimiyya zagon ƙasa a unguwar. Ya shiga manhaja yana danna duk abin da ya ga yana dannuwa. Cikin ikon Allah ya faɗa kan wani maɓalli da ke juya launi, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Nan take kunun nan ya rikiɗe ya zama sama baƙa wuluk, irin ta cikin bidiyon Turawa.

A gefen dama kuma, sama kaɗan, ga wani abu fari sol, mai kauri a kai, da doguwar wutsiya a lanƙwashe.

Da sassafe ya zo yana buga mini ƙofar shago kafin in share.

"Khalifa, zauna. Kada ka faɗi."

Ya buɗe kwamfuta. Gaskiya, ɗan'uwa, abin yana da kyau. Ni tela ne, na san kyakkyawan aiki in na gani.

"Tauraruwa mai wutsiya," in ji shi. "Na duba duk manhajojin taurari, babu ita. Ba su san da ita ba."

"A ina take? In leƙa yau in gani."

"Nan ne abin mamakin. Na juya gabas, tana nan. Na juya yamma, tana nan. Jiya har da hadari, ta keto shi ta fito. Duk inda na nufa sai ta riga ni zuwa."

"Haka taurari suke yi?"

"Na gama-gari ba sa yi. Shi ya sa ta zama ta musamman."

Ya kai hoton wani shagon buga hotuna a Sabon Gari, aka fitar masa da shi ƙato, ya kusa ƙofar ɗaki girma, aka sa a firem mai ruwan zinare. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: TAURARUWA RAUDHA. Na sake tuna masa zancen atamfa.

"Atamfa kowane miji yana saye," in ji shi. "Ka taɓa jin wanda ya yi biko da tauraruwa?"

Ban taɓa ji ba, don haka na sa babbar riga na bi shi.

Muka isa gidan Malam Abdulmuminu bayan la'asar, ni ina rungume da firem a lulluɓe da zanen gado, shi yana rataye da jakar kyamara. Malam tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi ritaya, ba ya ɗaga murya, amma duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya san in ya ce "to, madalla" a hankali, gara a ce bulala ya ɗauko. A falon kuma ga Gwaggo, yayar Malam, wadda ta yi rainon Raudha. Gwaggo Bafulatana ce ta gidi, kakannin Sammani kuwa daga Barno suka zo, saboda haka tun ranar ɗaurin aure ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"A'a, Babarbare, an sauko?" in ji ta. "Ya mutanen sama?"

Muka durƙusa muka gaisa. Ina jira in ji ya fara da ban haƙuri, sai na ga ya miƙe ya yaye zanen gado.

Gwaggo ta matso da kujerarta. Sammani ya yi bayani tun daga halittar duniya har zuwa saman benensa, ya ce sunan gidan nan zai shiga littattafan makaranta, jikokin jikoki za su ɗaga kai su ce ga Raudha can. Malam ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi.

"A wace kusurwa take, Sammani?"

"Ko'ina, Baba."

"Ko'ina."

"Gabas da yamma, kudu da arewa."

"Ana ganinta da ido?"

"Ido bai kai nan ba, Baba."

"Tun da ka gano ta, ta gusa daga inda take?"

"Ko kaɗan. Kullum a gefen dama, sama kaɗan. Ba ta saɓa alkawari."

"To, madalla," in ji Malam.

Ni na tuna zancen bulala, shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne. Ana haka labule ya motsa, Raudha ta fito da Ni'ima a hannu. Yarinyar na ganin ubanta ta miƙa hannu tana zillo. Ya karɓe ta, ya rungume, ya kasa magana, karo na farko a tarihin Fagge. Raudha ta tsaya gaban firem tana kallon sunanta da ruwan zinare. Na rantse maka na ga gefen bakinta ya fara motsi. Ko Gwaggo cewa ta yi, "Ashe dai Babarbaren yana da zuciya."

Da ya yi shiru a nan, da an gama. Da ya ce a yi haƙuri, da da yamman nan ya koma gida da iyalinsa, tauraruwa kuma ta ci gaba da haskawa a bangon falo har abada. Amma Sammani ne.

"Ranar tarihi ce," in ji shi. "Dole a ɗauki hoto, kuma da kyamarar da ta yi aikin."

Ya zaro ta daga jaka, ya ɗaura mata ɗan gilashinta na ɗaukar mutane, ya jera kowa a jikin farin bango, ya miƙo mini ya nuna mini inda zan danna. Na danna. Muka taru a kan ɗan allon bayan kyamara.

Hoto ya yi kyau. Sai dai a tsakiyar goshin Gwaggo, wadda ke tsaye a gefen dama, akwai wani baƙin abu mai kauri a kai da doguwar wutsiya.

"Me ke goshina?" in ji Gwaggo. Ta sa gefen mayafi ta dirje wurin har ya yi ja. "Sake ɗauka."

Aka sauya wuri, Malam ya koma dama. Na danna. Goshin Gwaggo fes. Abin ya koma kan farar hular Malam.

"Inuwa ce," in ji Sammani. "Fankar sama ce."

Aka kashe fanka. Raudha ta karɓi kyamarar daga hannuna, ta auna farin bango, babu kowa a gaba, ta danna. Ga shi nan shi kaɗai, gefen dama, sama kaɗan. A hasken rana ya fito sosai fiye da yadda yake fitowa a bene, har da wasu 'yan ƙayoyi a jikin wutsiyar. Ta je gaban firem ta ɗaga kyamarar kusa da shi. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kan iri ɗaya. Lanƙwasar iri ɗaya. Ɗaya fari, ɗaya baƙi.

"Abban Ni'ima, buɗe ta."

"Ba a buɗe irin wannan a ko'ina. Iska tana lalata..."

"Buɗe, Sammani," in ji Malam.

Ya murɗe gilashin. Raudha ta leƙa ciki, can inda ɗan faifan da ke ɗaukar hoto yake. Ta jawo farin farantin da aka kawo mana dabino a ciki, ta juye dabinon a hannuna, ta kifa kyamarar a kai, ta ɗan ƙwanƙwasa bayanta da yatsa. Wani ɗan abu ja-ja ya faɗo.

Gwaggo ta laluba jaka ta sa tabarau, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa faranti.

"Ƙafar kyankyaso ce," in ji ta. "Ta baya."

Na cusa dabino biyu a baki lokaci guda don kada dariya ta kunyata ni a gidan surukan mutane.

"Ina kake ajiye kyamarar nan?" in ji Raudha.

"A kicin. Nan ne soket ɗin da ke aiki."

"A buɗe?"

"Don ta sha iska."

"Yaushe rabon a wanke kwanukan kicin ɗin?"

Sammani ya dubi silin. Babu taimako a can ma.

"Baba," in ji shi, "ai ko a ƙasashen da suka ci gaba, akan samu..."

Ba wanda ya katse shi. Shi da kansa ya ji maganar ta mutu a bakinsa. Ya dubi faranti, ya dubi Ni'ima da ke wasa da maɓallin rigarsa, sai ya zame daga kujera ya durƙusa sosai.

"Baba, na yi wauta. Na kunyata ta a unguwa, na kuma zo na ƙara a nan. A yi mini haƙuri a ba ni iyalina."

Malam ya dubi 'yarsa. Raudha ta dubi mijinta.

"Zan koma," in ji ta. "Amma ba yau ba. Ka je ka wanke kicin ɗina, ka sa magani, ka mayar mini da igiyar shanya da teburin guga da batir. In na zo, kafin in ajiye jaka, gidan Hajiya Kubura za mu shiga tare, kuma ni zan yi magana, kai ka yi shiru. Na'urarka kuma ban hana ka ba. Ka je ka karɓo littafinta ka karanta kamar kowa."

"Na amince."

"Sannan a cire sunana daga jikin wancan abin."

"Wannan kam dole ne," in ji Malam, ya ajiye carbi, ya gyara zama kamar zai fara darasi. "Ba don fushi ba, don ƙa'ida. A ilimin taurari, ita mai wutsiya ba a sa mata sunan mata ko na 'ya. Sunan wanda ya gano ta ake sa mata. Haƙƙinsa ne, ba mai ƙwace masa. Khalifa, kai ne shaida, wa ya gano wannan?"

Na haɗiye dabino da ƙyar na ce, "Sammani ne, Malam. Shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba."

"To, a gyara rubutun."

Gwaggo ta yagi gefen takardar kalanda, ta sa farce ta tura ƙafar kyankyason a ciki, ta naɗe a hankali kamar mai ƙulla turare, ta kamo hannun Sammani ta danƙa masa.

"Ungo, Babarbare," in ji ta. "Riƙe takwararka da kyau, kada iska ta ɗauke ta."